Neman kalma: yadda duwatsu ke matse kogi

Malamin Doguwa: Salam. Gobe da safe zan koyar da taswirar kwari, ina neman Hausar valley confinement. Ana gwada faɗin gindin kwari da faɗin kogin. In duwatsu sun matse shi, ruwa na gudu, sai tsakuwa, ba wurin malala. In kwarin ya buɗe, kogi ya yi ta lanƙwasa, ya zubar da laka, kifi ya samu wurin ƙwai. Ku taimaka.

Na Ringim: Kwazazzabo mana.

Malamin Doguwa: Kwazazzabo wuri ne, Yaya. Ma'auni nake nema, daga matsattse zuwa buɗaɗɗe. Kogin Kano ta wajen Falgore daban, wanda ya isa fadamun Haɗeja daban.

Hajiya Malama: Matsewar kwari. Sai ka ce mai tsanani, matsakaiciya, ko babu.

Baban Gumel: Ni dai Kwarimatsi na ƙirƙiro. Kalma ɗaya, kamar ta masu ilimi.

Na Ringim: Baba, wannan ai sunan maganin sauro ne.

Baban Gumel: Da Bature ya kawo ta, da kun rubuta a allo. Ita taswira ba Larabci ba ce? Kun karɓa ba musu. Kuma ku Kanawa komai sai ya bi ta bakinku kafin ya zama Hausa.

Hajiya Malama: Baba, ni 'yar Birnin Kudu ce.

Mai Kamun Kifi: Mu da muke jiran ruwa tun da aka gama madatsar ruwan Tiga a 1974, da ta Chalawa a 1992, maƙura muke cewa inda kogi ya tsuke. Ba wanda ya tambaye mu.

Malamin Doguwa: Maƙura ta yi wa wurin da ya fi tsukewa, na ɗauka. Ma'aunin kuma matsewar kwari. Saura kwari mai siffar U, wanda ƙanƙara ta sassaƙa a tsaunukan Alfas na Turai, ban samu sunansa ba.

Baban Gumel: To. Amma ka sa Kwarimatsi a ƙasan allo, ko da ƙaramin rubutu ne.