Rawar sitiyari a babbar jif: sabuwar shakazobar sitiyari magani ce ko rufa-rufa?

Mai Farar Jif: Assalamu alaikum. Jama'a ku raba mu gardama da wani abokina. Ni na tsaya a kan cewa idan babbar jif ta fara kaɗa sitiyari bayan ta daki rami, aka leƙa ƙasa kuma aka ga shakazobar nan da ke kwance a gaba, wadda ke riƙe sandar sitiyari, tana yoyon mai, to magana ta ƙare, a canza ta a huta. Tawa haka take yanzu, jikinta ya jiƙe da mai ƙura ta manne. In ina gudun wajen 80 zuwa 90 na taka gargada, sai sitiyari ya kama rawa hagu da dama, ba ya bari sai na rage gudu sosai. Shi kuwa cewa ya yi ko na sa sabuwa ɓarnar kuɗi ce, wai ciwon ba a nan yake ba. To in ba don hana wannan rawar ba, me ya sa kamfani ya ɗaura ta?

Direban Dogon Zango: Wa alaikumus salam. Alhaji, kai ke da gaskiya. Motar da nake ja ta taɓa yi mini haka, aka sa sabuwa, tun daga bakin gareji na ji sitiyari ya natsu. Noti biyu ne kawai. Kada ka bari a buɗe maka aikin da babu shi.

Baba Makanike: Direba, wata nawa ke nan da sa ta? Ba gatse nake yi ba, tambaya ce.

Alhaji, abokinka ya fi ka kusa da gaskiya. Wannan abar ba ta riƙe ƙafar mota. Silinda ce da mai a ciki da fistin, in an ture ta da sauri ta ƙi, in an bi ta a hankali ta tafi. Aikinta ta sha dukan da rami ke yi wa taya kafin ya iso hannunka. Masu riƙe ƙafa su ne kawunan tayarod, wato sandar da ke haɗa ƙafafun gaba da sitiyari, da boljoyin ko boris ɗin wuyan ƙafa, da boris ɗin wili, da sandar nan da ta ratsa daga shasi zuwa aksil don kada aksil ya zame gefe, da bushin-bushin ɗinsu, wato robobin da ke cikin gaɓoɓinsu. In mota mai sifirin faifai ce, ƙara da bushin ɗin sifirin da notocin da suka ɗaure shi. Muddin waɗannan na nan daram, taya a daidaice, mota ba za ta yi irin rawar da ka kwatanta ba. Rawar da ba ta tsayawa sai an rage gudu, akwai abin da ke wasa a ƙasa. Sannan ka tambayi kanka me ya kashe tsohuwar. Sau da yawa ita ce ta daɗe tana kokawa da wannan wasan, mai ya yi zafi, roba ta saki, ta fara zubarwa. Ka sa sabuwa ka tafi, an bar jaki ana dukan taiki.

Direban Dogon Zango: Baba, ban ƙirga ba, amma har yanzu lafiya lau take.

Baba Makanike: Allah ya sa ta ɗore. Amma ka sa a leƙa.

Injiniya: Baba, da girmamawa, kashi mafi yawa na maganarka haka yake, amma akwai inda ka yi wa abar nan rashin adalci. Ka mai da ita kamar ado.

Motocin da ake magana a kansu masu aksil guda ne a gaba, ƙarfe ɗaya miƙaƙƙe da ya haɗa ƙafafu biyu. In tayar dama ta hau tudu, aksil ɗin gaba ɗaya ya karkata, ta hagu ma ta ji. Taya mai juyawa da gudu kuwa in ka karkatar da ita sai ta nemi juyawa gefe, robar taya ta mayar da ita, ta zarce, ta sake dawowa. A wani takamaiman gudu wannan kai-komo yana ciyar da kansa. Ko komai sabo ne wannan ɗabi'a tana nan a tsarin, abin da ake yi shi ne a sa abin da zai shanye ƙarfin kafin ya girma. Man da ke matsewa ta ƙananan ƙofofin fistin yana mai da wannan ƙarfi zafi. Shi ya sa Land Cruiser 80, da Patrol Y61, da tsohuwar Defender, da Wrangler duk suka fito da ita daga kamfani. Land Cruiser 100 mai ƙafafun gaba kowace mai zaman kanta, wadda ta koma sitiyarin rak, wato mai sanda mai haƙora, ba ta zo da ita ba. Kenan ba don sha'awa ake sawa ba.

Ga kuma hujja. A 2019, da masu sabuwar Wrangler suka yi ta ƙorafin wannan rawa a Amurka, gyaran da Fiat Chrysler, kamfanin da ya ƙera ta, ya fitar shi ne canza musu shakazobar sitiyari kyauta. Bayanin kamfanin shi ne iska na taruwa a cikin man ta farkon, musamman lokacin sanyi, sai ta kasa aikinta. Waɗannan motoci ne da bushin ɗinsu bai tsufa ba.

Baba Makanike: Yawwa Injiniya, ka faɗa da bakinka: bushin ɗinsu bai tsufa ba. Motar Alhaji fa? Kuma ka ƙarasa labarin mana. A 2019 ɗin dai masu motocin suka kai kamfanin kotu, ƙorafinsu shi ne canza shakazoba lulluɓe matsalar ne kawai.

Injiniya: Haka ne, sun kai ƙara. Amma zargin mai ƙara daban, abin da ƙarfe ke yi daban. Ni abin da na ƙi shi ne a ce wa mutum abar da ta zubar da manta ba ta da hannu a ciki. Tana da shi. Wasa kaɗan a tayarod da lafiyayyar shakazoba za ta danne, matacciya sai ta sake shi ya zama tashin hankali.

Baba Makanike: To ai mun haɗu. "Za ta danne." Ni kuma ba na son a danne, so nake a cire.

Uwar Matafiya: Ni dai tambayata ta mai tuƙi ce, ba ta mai sufana ba. In ta kama mutum a kan titi da yara a baya, me zai yi kafin ku gama gardamarku?

Injiniya: Hajiya, ki riƙe sitiyari da hannu biyu ba tare da kokawa da shi ba, ki ɗaga ƙafa daga totur, ki rage gudu a hankali har ta lafa, ki gangara gefe. Kada a danna birki da ƙarfi lokaci guda. Kuma motar da ta yi sau ɗaya, kada a sake hawa babban titi da ita sai an duba.

Yaron Gareji: Iyayena, ku ba ƙaramin cikinku dama. Gwajin ba wuya. A bar mota a ƙasa da nauyinta, wani ya zauna yana kaɗa sitiyari kaɗan-kaɗan hagu da dama, kai kuma ka kwanta da tocila kana bin kowane gaɓa. Ɗora yatsa a kan tayarod, za ka ji "ƙas-ƙas" tun kafin ido ya gani. Sai a ɗaga da jak, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan gefe da gefe. Ita kuma shakazobar a kwance ta a riƙe a hannu, a tura a ja. Mai lafiya tana turjewa daidai a shiga da fita tun daga farko har ƙarshe. In ta tafi salalam ta wani wuri sannan ta cije, ko kana jin kurɓar iska a ciki, ko sandar ta lanƙwashe, ta gama. Cirewa kuwa, a fesa man tsatsa, a zare fin, a kwance noti, in kan ya ƙi fita a ba shi guduma.

Baba Makanike: Kai yaro, guduma a ina? Ba a kan zaren noti ba dai. Kan nan mai tsini ne, matsewa yake a raminsa, abin jan tayarod ake sa masa. In babu, a daki gefen ƙarfen da ya shiga ciki, shi zai saki da kansa. Sauran bayaninka ya yi, Allah ya yi albarka. Ƙara da wannan: tayoyi su kalli gaba sak kafin a ɗaura, kada a matse bushin har roba ta fashe ta gefe, a bi ma'aunin ɗauri na littafin motar. In an gama a juya sitiyari har ƙarshen dama da ƙarshen hagu, a tabbata ba ita ke tsayar da shi ba kuma ba ta gugar komai.

Direban Dogon Zango: To in haka ne a sa mai ƙarfi mana, ko guda biyu kamar yadda wasu ke yi wa masu manyan tayoyi. Kowa ya huta.

Injiniya: Nan kam ni da Baba bakinmu ɗaya. Mai tauri fiye da kima tana sa sitiyari ya ƙi komawa tsakiya da kansa bayan kwana, ga wahalar da famfon sitiyari. Irin mai gas a ciki kuma kullum turawa take waje, guda ɗaya na iya sa mota ta riƙa jan gefe, shi ya sa masu sa biyu suke sa su suna fuskantar juna. Masu ɗaga jif su sa manyan tayoyi ma yawanci ba shakazoba ce matsalarsu ba. Ɗagawar tana murɗa aksil, kwanciyar da wuyan ƙafa ke yi baya ta ragu, ita ce kuwa ke sa taya ta bi hanya sak. Wannan a wajen saitin ƙafa ake gyara shi.

Mai Farar Jif: Na dawo. Mun yi gwajin da ƙanena Yaron Gareji ya faɗa. Shakazobar ta mutu murus, da yatsa biyu ake tura ta. Sannan bushin ɗin sandar da ke riƙe aksil, na ɓangaren shasi, ya tsage, ana ganin sandar na motsi kafin taya ta motsa. Tayar gaba ta dama kuma dalmar balansin ɗinta ta faɗi. Ni dai har yanzu ina nan a kan cewa sai an canza ta.

Baba Makanike: Wa ya ce kada a canza? Amma ita ce ta ƙarshe. A sa bushin, a duba ramin da ƙusar ke shiga ko ya zama ƙwai, don in ya buɗe sabon bushin ma wasa zai yi. A sauke mota ƙasa kafin a ƙarasa ɗaure ƙusar, kada a ɗaure tana rataye a jak. A yi balansin. Sannan ni a ƙa'idata, sai na zaga da ita ba shakazobar, in ta yi shiru na san na gama, sai in ɗaura sabuwa.

Injiniya: Baba, wannan zagayen ne ban yarda da shi ba. Kai hannunka ya saba, ka san lokacin da za ta fara. Alhaji ba kai ba ne, kuma gudun da rawar ke tashi ba na cikin unguwa ba ne. A ɗaura sabuwar, a maimaita gwajin kaɗa sitiyari a tsaye, ya wadatar.

Baba Makanike: Ai ban ce Alhaji ya tuƙa ba. Makanikensa zai yi, shi kaɗai a motar, a hanyar da ba kowa. In ba haka ba ta yaya zai san boris ɗin wuyan ƙafa bai saki ba? Gwajin tsaye ba ya nuna wannan kullum, sai an cire tayarod an juya ƙafar da hannu an ji nauyinta.

Mai Farar Jif: Baba, wannan na ƙarshen ba mu yi ba. Gobe in Allah ya kai mu zan sa a cire tayarod ɗin a gwada, tun da dama za a kwance wajen.