Wai kifi ne ko ba kifi ba?

Malamin Kimiyya: Jama'a, raina a ɓace yake. Yau a majalisa na ce kifin shak mai kan guduma ya kusa ƙarewa a teku, aka yi mini dariya. A 2019 IUCN, hukumar kare halittu ta duniya, ta sa manyan nau'o'insa biyu cikin masu dab da ɓacewa. Ana kama shi a yanke fikafikansa don miyar da ake sha a Chaina da Hong Kong, a jefar da gangar jikin. Ga shi ba ƙwai yake yi ba, haihuwa yake yi, sai ya yi shekaru kafin ya balaga. Abin ya dame ni wallahi.

Ɗan Kabi: Malam, da girmanka. Kifi ya haihu? Kakana masunci, babana masunci, a Argungu na tashi. Ban taɓa farke cikin kifi na ga ɗa ba sai ƙwai. Abin da ke haihuwa dabba ce.

Maman Biyu: Gaskiyar Ɗan Kabi. In ya haihu, da me zai shayar?

Malamin Kimiyya: Hajiya, ba ya shayarwa. Ɗan na girma a cikin uwa, akwai ma cibiya da ke haɗa su, yana fitowa ya kama gabansa. A ruwa yake numfashi kamar tarwaɗa. Ki dubi kan nan nasa, ido ɗaya a kowane ƙarshe, yana ganin sama da ƙasa lokaci guda. Ƙarƙashin kan cike yake da 'yan ramuka masu jin lantarkin jikin abin da ya ɓuya cikin yashi, sai ya danne shi da kan ya ci.

Ɗan Kabi: Ka ce cibiya da bakinka. Magana ta ƙare.

Na Bakin Binuwai: Yaya, Argungu ba ita ce duniya ba. Mu nan muna da kunamar ruwa, mai faɗi kamar faifai, dafi a wutsiya. Dangin shak ce, kuma haihuwa take yi. Wa ya taɓa cewa ba kifi ba ce?

Ɗan Kabi: Ƙanena, iya bakinka. Ku ne za ku koya wa Kabawa su?

Na Bakin Binuwai: Kogin ku da rani yaro ma tsallaka shi yake.

Maƙerin Zinder: Ni guduma ce ta tsaya mini. Na ga hoton, kan nan a baje yake, ya fi kama da fartanya. Wanda ya ce guduma bai taɓa shiga maƙera ba.

Malamin Kimiyya: Don Allah a koma kan batun. A 2001, a gidan namun daji na Omaha a Amurka, wata mace daga ƙaramin nau'in shak mai kan guduma ta haihu ba tare da namiji ba, gwajin ƙwayoyin halitta ya tabbatar a 2007. Irin wannan halitta ake ƙararwa saboda kwanon miya.

Maman Biyu: Subhanallahi. Malam, a bar wannan maganar haka nan.

Shugaban Zaure: To, na rufe. Abin da aka fahimta: masu su tun kaka da kakanni sun yi bayani, kuma ba a kawo abin da ya ture shi ba. Na Bakin Binuwai, ka nemi afuwar mutanen Kabi kafin gobe. Ni ma uwata 'yar can ce.