Daga Dawanau zuwa Legas: in tashi da iyali, ko in ci gaba da aika kaya?

Ɗan Dawanau:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar hatsi a Kudu. Sana'ata saye da sayar da wake da gero a Dawanau, kuma galibin waken zuwa Legas yake tafiya, hannun maigida ɗaya, wato dillalin da yake sayar mini, a kasuwar Mile 12. Damuwata biyu ce: kuɗi ba sa dawowa da wuri, sannan farashin da ake faɗa mini a waya ba ni da hanyar tabbatar da shi. Shi ne nake tunanin in tattara in koma can gaba ɗaya, ni da mai ɗakina da yara 3, babbar tana aji 2 na ƙaramar sakandare. Gidan da muke ciki a Kurna nawa ne, wasu na cewa in sayar in ƙara jari. Me ya kamata in lissafa kafin in yanke shawara?

Tsohon Dillali:

Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da tambayar kanka inda ribarka take fitowa. A harkar wake yawancinta a wajen saye take: ka saya da kaka, daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da manoma ke fitar da kaya farashi yana ƙasa, ka adana, ka saki idan damina ta kankama kaya sun yi ƙaranci. Wannan ɓangaren a Kano yake, kuma shi ne wanda ka iya. Idan ka koma Legas, wa zai tsaya maka a Dawanau da kasuwannin ƙauye? Wa zai soka hannu cikin buhu ya gane sabon wake da wanda aka gauraya da na bara, ya tabbatar tiya 40 ce a ciki ba 37 ba? In babu amintacce a nan, matsalar da kake kuka da ita a Legas ce za ka dawo da ita Kano, kuma ta nan ta fi ciwo domin uwar kuɗi take taɓawa.

Kasuwar can ma ba a shiga a kafa rumfa haka kawai. Kowane sashe yana da ƙungiya da shugabanni, akwai kuɗin shiga, kuɗin sauke kaya, ladan 'yan dako a kan kowane buhu, da la'ada. Masu sari, mafi yawansu matan Yarbawa ne, sun saba da masu gidansu shekara da shekaru, kuma bashi suke ɗauka su biya bayan sun sayar. Jinkirin kuɗin da kake gani ba lallai maigidanka ne ya riƙe ba, haka cinikin yake tafiya. Ranar da ka zama mai sayarwa da kanka, kai za ka riƙa bayar da bashin, ga shi ba ka san gidan kowa ba, ba ka jin Yarbanci. Wanda ya ƙi bayarwa kuma kayansa su kwana.

Ka duba irin waken ma. Mutanen Legas sun fi son jan wake, musamman wanda suke kira oloyin, wanda galibinsa daga yankin Borno da Yobe yake fitowa. Fari yana tafiya, amma sau da yawa ba ya kai ja kuɗi. Awonsu kuma daban: derika (gwangwanin awo) da robar fenti suke sayarwa da su, ba tiya ba. Sai ka san derika nawa buhunka yake bayarwa kafin ka iya gane ko farashin da aka faɗa maka gaskiya ne.

Tirela tana ɗaukar buhu 300 masu kilo 100. Ka ɗauki lodi ɗaya ka rubuta komai: kuɗin saye, buhu da ɗinki, lodi, kuɗin mota, abin da ake biya a shingayen hanya, saukewa, la'ada, ramewar kaya. Abin da zuwanka zai cece maka shi ne la'adar da ɗan abin da ake rage maka a farashi, shi ke nan. Ka ninka shi da yawan lodin da kake yi a shekara. In bai kai kuɗin haya da makaranta da zirga-zirgar iyali ba, lissafi ya riga ya ba ka amsa.

Mai Sito:

Bari in ƙara a kan adana kaya, don nan ne mutanenmu suka fi asara. Iskar Kano da rani busasshiya ce, wake yana shekara a sito lafiya idan an kula. Legas bakin teku ce, danshi ba ya yankewa, ruwa kuma kashi biyu ne: daga Afrilu zuwa Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, ya dawo Satumba da Oktoba. Waken da danshinsa ya haura kashi 13 cikin 100 zai yi fumfuna, launinsa ya dushe, ƙwaro ya ci shi da sauri. Saboda haka ba a mayar da Legas rumbu. A adana a Kano, a riƙa aika abin da zai ƙare cikin sati 2 zuwa 3.

In dole sai an ajiye a can, a ɗora buhuna a kan katako, kada su taɓa ƙasa, a bar tazarar kamu biyu tsakaninsu da bango. Buhun PICS, mai leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, yana kashe ƙwaro ba tare da magani ba domin iska yake hana su, amma sai waken ya bushe sosai kafin a zuba, a matse iskar, a ɗaure kowace leda daban. Huda ɗaya ta ɓera ta ɓata aikin. Ƙwayar maganin ƙwari ta Phostoxin kuwa, don Allah kada a sa ta a ɗakin da ake kwana ko wanda ya haɗa bango da shi. Iskar da take fitarwa tana kashe mutum. Na faɗi haka ne saboda a Legas wuri yana da tsada, sai ka ga an mayar da rabin ɗakin kwana sito.

Ɗan Agege:

Malam, ga batun gida. Kuɗin haya da za a faɗa maka ba shi ne abin da za ka biya ba. A kansa akwai kuɗin ejan, kuɗin takardar yarjejeniya, da kuɗin ajiya na abin da ka iya lalacewa. A al'ada na ejan kashi 10 ne, na takarda kashi 10, amma da yawa suna wuce haka. Wato idan an ce haya naira miliyan ɗaya, ka riƙe aƙalla miliyan ɗaya da dubu 300. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana mai gida karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta kuma ba mai biyan shekara-shekara sanarwar wata 6 kafin a tashe shi, sai dai ba ta shafi Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA ba. A aikace wasu har yanzu shekara 2 suke nema. Kada ka tura ko sisi sai ka ga mai gidan ido da ido, ka tambayi 'yan hayar da ke ciki ko shi ne. Akwai masu karɓar kuɗin ɗaki ɗaya daga mutum biyar.

Gida da damina ake dubawa. Ka kalli bango daga waje, ruwa yana barin alama inda ya taɓa kaiwa. Unguwannin da ke kusa da Mile 12 ta gefen kogin Ogun, irin su Agiliti da Ajegunle ta hanyar Ikorodu, sukan cika idan an saki ruwan madatsar Oyan wajen Satumba da Oktoba, shi ya sa haya take da sauƙi a wasu layukan. Ka tambayi mitar wuta: ta kati ce, ko ta haɗaka da ake raba kuɗi? Akwai tsohon bashi a kanta? Ruwan rijiyar burtsatse ne, wa yake biyan kuɗin tura shi tanki?

Nisa kuma da awa ake auna shi, ba da kilomita ba. Agege ta fi daɗin zama ga Bahaushe, akwai masallatai da Islamiyyu da Sarkin Hausawa, jirgin ƙasa na Red Line ma yana tsayawa a can, amma zuwa Mile 12 kullum da asuba cikin cunkoso wani aiki ne. Kada ka dogara da acaɓa: an hana shi a ƙananan hukumomi 6 a Yunin 2022, aka ƙara 4 a Satumba, har da Kosofe inda kasuwar take. Da ka sauka ka yi katin zama na LASRRA, hukumar rajistar mazauna jihar, domin sukan neme shi wajen sa yara a makarantar gwamnati. Katin zaɓe ma sai ka nemi INEC ta sauya maka mazaɓa.

Gidan Kurna kuwa kada ka sayar. Kuɗinsa ba zai saya maka irinsa a Legas ba, fili a can kuma sai ka yi fama da omo onile, masu karɓar kuɗi a kowane mataki na gini. Ban da haka, an yi rikici a Idi-Araba a 2002, an yi a Mile 12 a Maris 2016 har gwamnati ta rufe kasuwar, an yi a Shasha ta Ibadan a Fabrairun 2021. Ba kullum ba ne, mutanenmu sun haifi jikoki a can lafiya, amma mai iyali yana bukatar ƙofar da zai buɗe idan ya dawo. Ka sa ɗan haya, ka bar ɗaki ɗaya a kulle.

Maman Yara:

Alhaji, duk lissafin buhu ake yi, ba a taɓo uwargida ba. A Kano tana da tsakar gida, tana da maƙwabta da dangi, idan haihuwa ta zo akwai mai zama da ita har a yi arba'in. Kuɗin da zai kama maka gida sukutum a Kurna, a can ɗaki biyu zai ba ka a gidan haya, wataƙila banɗaki da madafi na haɗaka da mutanen da ba yarenku ɗaya ba. Kai ka fita tun asuba ka dawo bayan isha'i. A tambaye ta da gaske, kada a sanar da ita kawai.

Yara kuma kada a cire su tsakiyar zango. Shekarar karatu a Satumba take farawa. Babbar tunda tana aji 2, ko dai ta koma kafin ta shiga aji 3, ko a bari ta rubuta jarrabawar kammala ƙaramar sakandare a nan. A karɓi takardar sauya makaranta da sakamakon zangunan baya kafin a tafi. Yarbanci darasi ne na dole a makarantun Legas tun dokar 2018, yaran ƙanana za su kama da wuri, babbar ce za ta sha wuya a shekarar farko. Islamiyya da hadda akwai, amma ba a kowane lungu ba kamar nan, sai an nema. Zazzaɓin cizon sauro a nan da damina yake tsananta, a can duk shekara ne, a tafi da gidan sauro.

A sa kuɗin zumunci a lissafi. Tafiyar ta haura kilomita 1,000, kwana ake yi a mota, kuma tun cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka. Mutum 5, zuwa da dawowa, Sallah biyu, ga biki ga rasuwa.

Bakano a Ikko:

Kun tsorata bawan Allah. Akwai wanda komawa take yi wa amfani: wanda yake da ƙani ko abokin ciniki da ya iya saye a Dawanau, yana juya tirela fiye da ɗaya a wata, kuma burinsa ya tsallake kasuwa ya riƙa kai wa gidajen abinci da makarantun kwana da masu ƙulla wake a leda kai tsaye. Waɗannan sai da zama ake samunsu, ba a waya ba. Can ne masu saye suke, wannan ba a musu.

Abin da zan ce, a raba tafiyar biyu. Ka je kai kaɗai tukuna, ka bi lodinka, ka sauka wurin maigidanka kamar yadda aka saba, ka yi wata 3 da ya haɗa da Yuni da Yuli don ka ga ruwan da idonka. Ka zagaya kasuwannin Iddo da Daleko ka ji farashi. Ka riƙe littafi: wa ya ɗauka, buhu nawa, yaushe ya biya. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bayan wata 3 za ka san ko zama ake bukata, ko yaro ɗaya amintacce da kake biyansa ya tsaya a kan kayanka.

Ɗan Dawanau:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya: kafin in je, yaya zan yi da kuɗin da suke maƙale a hannun maigidan ba tare da mun ɓata ba?

Tsohon Dillali:

Kada ka fara da zargi a waya. Ka aika masa jerin lodin da ba a rufe lissafinsu ba, kowanne da ranar tashi, lambar mota da yawan buhu, ka ce kana so ku zauna ku daidaita idan ka zo. Wajen zaman a samu dattijo ɗaya daga shugabannin sashen. Abin da aka amince a rubuta, a sa ranakun biya, ku sa hannu da shaidu 2, biyan kuma ta banki don ya bar shaida. Legas ba ta da kotun shari'ar Musulunci ta gwamnati irin ta Kano, don haka takarda ce gatanka. In abin ya gagari kasuwa, akwai kotun ƙananan basussuka da jihar ta kafa a 2018, wadda aka tsara don bashin da bai wuce naira miliyan 5 ba. Daga yanzu kuma ka raba lodi tsakanin masu gida biyu, kuma kada sabon kaya ya tashi daga Dawanau sai an biya aƙalla rabin na baya.