Neman shawara: wace tocila zan saya da za ta shiga aljihu, ta kuma kai nesa?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a wani kantin magani a Kano, ba na tashi sai ƙarfe 11 na dare. Daga inda adaidaita ke sauke ni zuwa gida akwai dogon lungu, ga kwata a buɗe, in an ɗauke wuta kuwa ko tafin hannunka ba ka gani. Da fitilar waya nake haskawa, amma tun da aka ƙwace wa maƙwabcinmu waya a wannan lungun na daina fito da ita. Wata biyu da suka wuce na sayi wata tocila mai zuƙo haske, an rubuta lumen (ma'aunin yawan haske) 100,000 a kwalinta, batirinta kuma 9,900 mAh (ma'aunin yawan cajin da yake ɗauka). Ba ta yi sati uku ba ta fara lumshewa, yanzu sai na bubbuga ta a cinya take kawowa. Ina ganin tallar waɗanda ake kira taktikal, irin na jami'an tsaro. Wacce ta dace da mai ƙaramin ƙarfi irina? Ina son wadda ba za ta kumbura mini aljihu ba.

Wani mai gyaran waya:
Wa alaikumus salam. Ɗan uwa, tun daga kwalin aka cuce ka. Batirin da ke cikin irin waɗannan sunansa 18650, wato kaurinsa milimita 18, tsawonsa 65. Na gaske, irin na Samsung da LG da Panasonic, ƙarshen abin da yake ɗauka kusan 3,500 mAh ne. Duk wanda ka ga an rubuta masa 9,900 ƙarya ce tsagwaronta. Ka ɗauke shi a hannu ka ji, na kirki yana kai giram 45 zuwa 48, na jabun kuwa fayau yake kamar ba komai a ciki. Na taɓa yanke fatar wani a shago, sai ga tsohon batiri an sake masa riga.

Lumen 100,000 ma tatsuniya ce. Tocilar aljihu mai batiri ɗaya, in ta ba ka 1,000 zuwa 2,000 ta yi ƙoƙari, kuma ko wannan ba ya daɗewa. Bayan minti ɗaya zuwa uku kan tocilar zai yi zafi, ita da kanta za ta rage hasken don kada ta ƙone. Abin dubawa shi ne awa nawa take yi a matsakaicin haske, kamar lumen 300 ko 400. Shi za ka yi ta amfani da shi a lungu. Masu zuƙo hasken nan kuma ka rabu da su, ta wurin da kan yake zamewa ƙura da ruwa ke shiga.

Wani dattijo ɗan sintiri:
Yaro, shekarata goma sha ina sintirin unguwa, bari in gaya maka abin da ya sa ake ce mata taktikal. Makunninta a gindi yake. Ka dunƙule ta a hannu, babban yatsanka na kansa, ko a duhu ba sai ka lalube ba. Ka ɗan danna ta haska, ka saki ta mutu. Masu makunni a gefe, in tsoro ya kama ka sai ka yi ta juya ta kana nema. Na biyu, ka tabbatar dannawar farko haske mai ƙarfi take kawowa, ba sai ka bi ta kan ƙarami da matsakaici da mai walƙiya ba.

Shi mai walƙiyar da ake ta kurantawa a talla, ni ban ga ranarsa ba, har kai mai riƙe da ita yana ruɗa maka ido. Haƙoran da ake yi wa bakinta kuma aljihu kawai suke yagawa. Amfanin tocila ka hango mutum tun yana nesa ka canja hanya. In an riga an tare ka da wuƙa, ka miƙa wayar, rai ya fi ta. Kuma in ka zo shingen jami'an tsaro ka sunkuyar da ita ƙasa, kada ka kuskura ka dalle musu fuska.

Wata ma'aikaciyar jinya:
Baba ya gama magana, amma kada ka raina ƙaramin haske. Ni da aikin dare, wanda na fi kunnawa shi ne mafi ƙanƙanta, in duba ƙarin ruwa ba tare da na tashi majinyaci ba. Kai ma za ka so shi wajen neman makulli ko karanta takardar magani. Tawa ƙarama ce mai cin batirin AA guda ɗaya, in ya ƙare ko a teburin mai tireda zan samu.

Wani:
Ni dai ta kasuwa nake saya, in ta mutu in jefar in sake wata. Wannan shekarar ina kan ta huɗu.

Mai gyaran waya:
To ai kuɗin huɗun nan sun kusa saya maka ta gaske, Malam. Ga sunaye ga mai tambaya. In kuɗi kaɗan ne, Convoy S2+ tana da ƙarko, makunninta a gindi, sai dai batirin fito da shi ake yi a sa a caja ta daban. Wurkkos FC11 da Sofirn SC31 Pro suna da ramin USB-C, cajar wayarka ta isa, amma makunninsu a gefe yake, ka tuna da maganar Baba. In aljihu da nauyi, Fenix PD36R ta haɗa duka biyun, wato makunnin gindi da ramin USB-C, tana kai lumen 1,600, batirinta 21700 ne, ya ɗan fi girma. Da yawa daga cikin na Olight da wayar caji mai maganaɗisu suke zuwa, tasu ta musamman, in ta ɓata ba a kowane shago za ka samu ba.

Saboda damina ka duba alamar ruwa. IPX4 yayyafi kawai take jurewa. IPX7 za ta iya yin minti 30 a ruwa mai zurfin mita ɗaya, ko ta faɗa kwatar lungunku sai ka tsamo ka wanke. Don nisa kuma ka duba adadin kandela, shi ke nuna yadda hasken ya dunƙule wuri ɗaya. Wata mai lumen 600 sai ta fi mai 1,500 kai wa ƙarshen layi.

Mai tambaya:
Allah Ya saka da alheri, na ƙaru sosai. Ina ganin Convoy ɗin zan nema. Ina da tsohon batirin laftof, an ce 18650 ne a ciki. Zan iya ɓallewa in sa?

Mai gyaran waya:
Su ne a cikin tsofaffin, amma kawo wa mai gyara ya ɓalle ya auna maka. Cikakke yana nuna bolt 4.2, wanda ya daɗe ƙasa da 2.5 ka watsar, haka ma wanda fatarsa ta yage. Kada ka sa batiri tsirara a aljihu ɗaya da makulli ko kwabbai, yana iya kama wuta. Tocilar ma in za ka sa ta a aljihu, ka ɗan warware gindinta kaɗan. Sau ɗaya tawa ta kunna kanta ina kan babur, sai zafi na ji a cinya, ina dubawa ta huda mini aljihun shadda.