Raƙumin dawa baƙo ne ko ɗan gida? Gardamar da ta tashi a wani zauren hira na waya kan 'yan awakin wata tsohuwa

Ɗan Kabu-kabu: Salamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake, ku bar ni in amayar da abin da ke cikina. Shekaranjiya anka kira ni daga gida, arewa da Dakoro, wai dila ya sake faɗa ma garken tsohuwata. 'Yan awaki ukku ke nan cikin sati biyu. Jajaye ne, irin namu na Maraɗi, kuma da gumin kabu-kabu na saya mata uwayensu don ta daina jiran abin da zan aiko. Ƙanena ya ce zai sa guba ga ragowar naman da dilan ya bari, wani ma'aikacin gandun daji ya ji labari, ya ce masa in ya kuskura sai ya kwana a rufe. To ni ga tambayata. An ɗauko raƙumin dawa, baƙo, tun daga Kure ta kusa da Yamai cikin manyan motoci an kawo dajin Gadabeji, ana tsaronsa dare da rana, ana ɗaukar hotonsa. Akuyar tsohuwa kuwa ba ta da mai tsaro sai Allah. A ƙasar ga dabbar daji ta fi talaka gata. Wanda ya ce ƙarya nike shi fito.

Inna ta Madarunfa: Wayyo ɗana, Allah shi maida alheri. Ka gaida tsohuwa, ka ce mata ta yi haƙuri.

Malamin Lakwal: Allah ya mayar da mafi alheri, ƙanena. Amma akwai kalma ɗaya da ba zan bari ta wuce ba. Raƙumin dawa ba baƙo ba ne a Gadabeji. Tun 1955 aka keɓe wannan daji, hekta 76,000, kuma raƙumin dawa na cikin dabbobin da ke yawo a yankin, har fari da farauta suka ƙarar da shi wajen shekarun 1970. Guda 8 da aka kai a watan Nuwamba na 2018, tafiyar fiye da kilomita 800, gida aka mayar da su. A 1996 guda 49 kacal suka rage a duk Afirka ta Yamma, dukkansu a nan Nijar. Sai da aka tsare su suka haura 600. An raba su gida biyu ne don kada wata annoba ko wani tashin hankali ya share su a wuri guda.

Ɗan Kabu-kabu: Malam, ni maganar awaki nike.

Manomin Kornaka: Malam, wanda ya bar gari shekara hamsin, in ya komo baƙo ne. Ko ɗan Adam ne sai an nuna mashi ƙofar gidan ubanshi. Waɗanga da anka kawo ma ba su ne sunka tafi ba, a ƙasar Zabarmawa anka haife su.

Ɗan Yamai: To ai shi ke nan, taubasanmu Zabarmawa sun ba mu aron dabba kuma muna yi masu gori. Ku je Kure ku tambayi manoma yadda raƙumin dawa ke cinye masu wake da mangwaro, amma sunka haƙura da shi shekara da shekaru. Da a Gobir ne da tuni an yi kilishi da shi.

Baba na Tibiri: Kai yaro, ka kiyayi Gobir da bakinka. Mu da shamuwa ke sheƙa bisa itacen tsakar gidanmu kowace damina, wa ka taɓa jin ya jefe ta?

Ɗan Rugga: Ku yi mani afuwa. Na farko, Gadabeji ba ta cikin Dakoro yanzu, cikin Bermo take. Na biyu, tunda an buɗe maganar baƙo, a faɗe ta duka. Kakana ya ga raƙumin dawa da idonshi a wannan daji, yana kiwo yana ganinsu suna cin ganye sama, shanu suna cin ciyawa ƙasa, ba mai damun wani. Mu ba mu taɓa kiranshi baƙo ba. Abin da kakana bai gani ba a can shi ne gona. Akwai dokar 1961 da ta shata iyakar noma ta arewa, abin da ke bayanta na kiwo ne. Yau ku je kwarin Tarka ku ga inda garma ta kai. To wane ne baƙon?

Manomin Kornaka: Au, mu ne baƙin ke nan? Dokar 1961 mutum nawa ke cikin ƙasar sa'ad da anka yi ta? Ɗiyanmu su ci doka? Kuma ku da kuke kora shanu cikin gero tun ba a yi girbi ba, wace doka ta ba ku?

Ɗan Rugga: Burtalin da kunka nome fa? Ta sama shanu za su bi?

Manomin Kornaka: Burtalin garinmu na nan da alamominshi, zo ka gani. Dare kuke bi ku bar hanya.

Ɗan Rugga: Kullum "ku", "ku". Ni ka taɓa kama ni cikin gonarka?

Baba na Tibiri: Ku tsaya nan, ku biyun. Ni na ga 1991. Na san abin da ya faru a Toda, nan cikin jiharmu, inda rai fiye da 100 ya salwanta kan irin wannan magana ta "mu" da "ku". Wanda bai ga ranar ba shi ka wasa da bakinshi. Kada in sake jin wannan a nan.

Manomin Kornaka: Allah shi huci zuciyarka Baba. Amma shi ya fara.

Mahaucin Babbar Kasuwa: Ni dai abin da ya tsaya mani ga rai gubar nan ce, kuma ba wanda ya kula ta. Ɗan'uwa, don Allah ka kira ƙanenka ka hana shi, ba don tsoron gandun daji ba. Guba ba ta san dila ba. Karen gidanku zai ci, shirwa za ta ci, ungulu za ta sauka da 'yan'uwanta su ci su zube wuri guda. Ni na tashi a mahauta. Muna yara, ungulu har tsakanin ƙafafunmu take shiga, sai an kore ta da sanda. Tumbi, hanji, jini, duk abin da munka zubar kafin azahar ta share. Yau sai in yi wata ban ga ko ɗaya ba. Abin da take ɗaukewa yanzu kare da ƙuda ke gadonshi, ga wari. Kuma mu munka ƙarar da ita. Ana saye kanta da ƙafafunta a kai ma bokaye, ana ɗebe ƙwanta. Wa ya yi magana? Ba kowa, don an ce ƙazama ce, mummuna ce. Da tana da dogon wuya da zane mai kyau ga jiki, da ita ma an aiko mata mota.

Malamin Lakwal: Wallahi ka faɗi gaskiya, sarkin fawa. A 2015 aka sa irin ungulun da ke zama cikin garuruwanmu a jerin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa a duniya. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. Wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu, diclofenac, shi ya kashe masu ungulu fiye da kashi 90 cikin 100 a shekarun 1990, domin ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar ƙodarta ke lalacewa. Mushe ya yi ta ruɓewa a fili, karnukan da ba su da masu su suka yawaita, cizon mahaukacin kare ya ƙaru. Sai a 2006 aka hana amfani da maganin ga dabbobi.

Inna ta Madarunfa: Ni ungulu ba ta dame ni ba. Mujiya ce ba ni so. In ta yi kuka bisa ɗaki, ni dai ba ni barci.

Malamin Lakwal: Inna, mujiya ɓera take ci. Rumbunki take gadi da dare.

Inna ta Madarunfa: Ta yi gadin daga nesa, ɗana. Kuma ku da kuke ta batun Gadabeji, mu nan kudu giwaye sun taɓa shigo mana dajin Babban Rafi daga Najeriya. Mutanen birni sunka riƙa zuwa kallo suna murna. Waɗanda gonakinsu ke bakin dajin, kwana sunka riƙa yi suna kaɗa gwangwani da wuta a hannu. Giwa ɗaya in ta ratsa gona, noman shekara ya tafi. Yanzu babu giwar, dajin ma gatari ya ci rabinshi. Ni har yau ban san ko murna zan yi ko kuka ba.

Ɗan Yamai: Haka anka yi a Ayoru a 2017. Dorina ta dami masu shinkafa da masunta, sun kai kuka ba a share masu hawaye ba, sai mutane sunka ɗauki doka a hannu, dorina 27 aƙalla anka kashe. Sannan ne fa kowa ya ji labarin Ayoru.

Ustazun Unguwa: Jama'a a koma ga addini. Allah ya ce dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu. An azabtar da mace saboda kyanwar da ta tsare, an gafarta ma wanda ya shayar da kare. Amma shari'a ta halatta kashe mai cutarwa. Dilan da ya saba da garke mai cutarwa ne. Guba ce dai ban yarda da ita ba, don za ta ci wanda bai ji ba bai gani ba.

Manomin Kornaka: To Ustaz ya yi fatawa, a kashe.

Ustazun Unguwa: Ban yi fatawa ba, kada ka sa mani magana a baki.

Malamin Lakwal: Kuma akwai dokar farauta ta 1998, ita ma'aikacin yake bi. Ba don ƙin tsohuwa ya hana ba.

Manomin Kornaka: Dokoki dai, dokoki dai. Ta 1961, ta 1998. Duk a Yamai anka rubuta su. Kuma har yanzu ina kan bakana, abin da anka ɗauko a mota baƙo ne.

Ɗan Rugga: Sun haihu a can. Ɗan da anka haifa a Gadabeji shi ma baƙo ne? In haka ne kai ma a tambayi inda kakanka ya fito kafin ya sari daji a Kornaka.

Manomin Kornaka: Baba ka gani ko? Ka ga wanda ke tsokana?

Mahaucin Babbar Kasuwa: Kai jama'a.

Ɗan Kabu-kabu: Tun safe nike karantawa tsakanin fasinja da fasinja. An yi Indiya, an yi Ayoru, an yi kakannin kowa. Mutum ɗaya bai gaya mani wa zai biya tsohuwata 'yan awakinta ba. Ni ban ƙi raƙumin dawa ba, ban taɓa ganinshi ba ma sai a waya. Cewa na yi wanda ya hana mu kare kanmu shi kare mu.

Ɗan Rugga: Ɗan'uwa, wannan kam zan iya ba ka amsa, don mu kullum da dila muke kwana. Ba ya iya babbar akuya sai ƙanana. A ware 'yan awakin da dare, a yi masu shinge na ƙayar aduwa ko ta magarya mai kauri, a danne gindinshi sosai don ta ƙasa yake tonawa ya shiga. A ɗaure kare kusa. Kada a bar mahaifa ko mushe kusa da garke, warin ke kiranshi. In ya zo dare ukku bai samu ba zai sake hanya.

Mai Kula da Zaure: To jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan magana. Ga abin da na fahimta. An tabbatar da hujja cewa raƙumin dawa ɗan gida ne a Gadabeji, Malam ya kawo shekaru da alƙaluma kuma ba wanda ya iya rushe su. Kowa ya yarda guba haramun ce a daji. An kuma gane cewa matsalarmu ita ce jahiltar amfanin dabbobi, muna son shamuwa don mun ce tana kawo ruwa, muna ƙin ungulu da mujiya don an ba mu tsoronsu tun muna goye. Ni na yi shekaru ina aikin sassaben zamani da manoma, na ga yadda mutanen jihar nan da ke ganin kututture a gona ƙazanta ne sunka koma suna renon tohonshi tun daga shekarun 1980, har gawo da kalgo sunka dawo. In tunani ya sauya kan itace, zai sauya kan dabba. Maganar manoma da makiyaya ba wurinta ba ne, na share saƙonni biyu. Ɗan'uwanmu kuma muna ba shi haƙuri, a gyara shinge.

Manomin Kornaka: Ni ban yarda da komi ba, kada a ce kowa. Kuma saƙonnin da ka share duka nawa ne.

Ɗan Rugga: Shawarar shingen ma ni na ba da ita, ba a ambace ni ba. Kuma dokar 1961 wurinta ne, don dajin da dila zai yi farauta a ciki shi anka nome.

Ɗan Kabu-kabu: Na kira ƙanena, ya ce ya zubar da gubar cikin masai. Gobe zan aika jika 5 a saro ƙaya. Tsohuwa ta ce sauran 'yan awakin biyu a ɗakinta za su kwana yau.