Wa ya taɓa shiga wurin bautar Hindu? Ina neman shawara

Mai Jinya a Delhi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kawo Baba asibiti, an sallame mu, amma jirginmu sai mako mai zuwa. Mai gidan da muke haya ya matsa lallai in je in ga Akshardham, wani wurin bautar Hindu a nan Delhi. Waɗanda suka taɓa shiga irin wuraren nan, me ya kamata in sani?

Ɗalibin Chennai: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Akshardham kowa na shiga, sai dai waya da kyamara a ƙofa za ka bar su, kuma ran Litinin a rufe yake. Nan kudancin Indiya ne da tsauri. A Meenakshi ta Madurai na sha yawo cikin harabar, ina isa ƙofar ciki na ga an rubuta 'yan Hindu kaɗai, na juyo abina. Ka je da safe. Takalmi cirewa ake yi, dutsen nan kuwa in ya sha rana sai ka yi rawar dole.

Yaya daga Malesiya: Ni Batu Caves na je, kusa da Kuala Lumpur. Matakala 272, ga gunkin Murugan mai launin zinare, ya haura mita 42. Masu gajerun kaya sai sun ɗaura zani, ni da hijabina ba wanda ya tsayar da ni. Birai ne dai suka ƙwace mini ledar ayaba.

Tsohon Ɗalibin Pune: Ƙanina, abin da ba su faɗa maka ba shi ne farantin. Mai jagorantar bautar zai zagayo da fitila a kan faranti, mutane na kara tafin hannu a kan wutar suna shafawa a ka, ya ɗiga musu jan gari a goshi, ya miƙa alawar da suke kira prasad. An riga an gabatar wa gunki ita, shi ya sa ban karɓa ba. Hannu na dafa a ƙirji na ja baya, ko a jikinsa, ya wuce na gaba. Zagayensu ma ya ɗaure mini kai: gunkin a damansu yake, saɓanin ɗawafi da Ka'aba ke hagunka. Ka raɓe gefe kada ka tare musu hanya.

Mai Jinya a Delhi: Na gode ƙwarai. Talata da safe zan leƙa in sha Allahu. Baba ya ce shi kam masallacin Jama Masjid zan kai shi.