'Yan fim, wa gabansa ke faɗuwa idan aka ce "akshin"?

'Yar Gwammaja: Assalamu alaikum yayyena. Bara na fara fitowa, ƙananan sin, wato gajerun fitowa, ake ba ni a wani shiri mai dogon zango na YouTube. A gida nakan haddace komai tsaf, amma da an kunna fitilu darakta ya ce "akshin", sai bakina ya bushe, gwiwoyina su kama rawa. Ga 'yan unguwa sun yi dafifi a lokeshan, har da masu leƙe ta katanga. In na koma gida sai in kwana ina tunanin ko dai ba ni da baiwar. Wa ya taɓa shiga wannan hali?

Tsohon Hannu: Wa alaikumus salam 'yata. Tun zamanin kaset nake harkar nan, kuma har gobe sin ɗin farko na kowane aiki sai tafin hannuna ya jiƙe. Sai dai naku ya fi namu nauyi. Mu a da darakta ba ka labarin sin ɗin kawai zai yi, ka faɗe shi da bakinka, in ma ka yi tuntuɓen harshe akwai ɗora murya daga baya. Yanzu, musamman tun da tashar talabijin ta Arewa24 ta zo a 2014 aka koma finafinai masu dogon zango, rubutu ake miƙa miki, ga mai ɗaukar sauti ya rataya makirfo a saman kanki yana jin har haɗiyar yawunki. Shawarata, ki daina haddace kalmomi zalla. Ki san me matar da kike fitowa a madadinta take nema a wajen wanda ke gabanta. In kin san bashi kika zo karɓa, ko kalma ta ɓace bakinki zai nemo wata. Sannan ki saurari abokin wasanki da gaske, ba jiran ya rufe baki kike ba.

Ɗan Samaru: Gaskiya ne Baba. Ni a dandamali na taso, a Drama Village na ABU Zariya, inda babu "kat", wato a tsaya a sake ɗauka, in ka manta ka manta a gaban jama'a. Abin da aka koya mana: ja numfashi ta hanci har ciki ya taso, ba kafaɗa ba, a sake shi a hankali. Kuma ki ba hannunki aiki. Ko tsintar shinkafa ce a faranti, ko naɗe sallaya, rawar jikin can take tafiya.

Maman Biyu: Ni addu'ar Annabi Musa ta cikin Suratu Ɗaha nake karantawa kafin in shiga, wadda ya roƙi a buɗe masa ƙirji a warware ƙullin harshensa. Amma ƙanwata, tsoron kamara ai mai sauƙi ne. Wanda ya kusa kore ni shi ne na bayan an saki fim. Sai in raba dare ina bin kwament, mutum ɗari su yaba, ɗaya ya ce "wannan ko kuka ba ta iya ba", shi kaɗai zan riƙe. Ga dangi, a gidan biki ana nuna ki da baki, 'yar fim ce. Yanzu ƙanina ke duba min, abin da ya shafi aiki kawai yake kawo min.

Ɗan Samaru: Anti, ni dai ina karantawa. Wani lokacin mai zagin nan ya hango abin da darakta bai gani ba.

Maman Biyu: Kai namiji ne, wasanka suke zagi. Mu har iyayenmu ake haɗawa.

Na Titin Gidan Zoo: Babu wanda ya taɓo zaman jiran kira. Wata ya wuce waya shiru, ka ga an saka wani a rol ɗin da aka yi maka alkawari, sai zuciya ta ce ka ƙare. Da na buɗe shagon gyaran waya na daina zuwa tantancewa da yunwa a fuska, wasana ma ya gyaru.

'Yar Gwammaja: Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Jibi muna da aiki, sin ɗin faɗa da uwar miji ne a tsakar gida, zan roƙi a ba ni wanke-wanke. Baba, in darakta ya daka min tsawa a gaban mutane fa, daga nan komai ke kwance min, ya kuke yi?